Abin da muka tsayar kan masu neman matsuguni a Gadarif, gabashin Sudan

Bayan la'asar muka zauna da dattawan unguwa da matan da ke dafa abincin takiya (wurin da ake dafa abinci a raba wa mabuƙata kyauta), kan 'yan'uwan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba da gidajensu, musamman waɗanda suka baro garin Wad Madani a Disambar shekarar.

Wata baba ta ce a daina fara tambayar mutum takardarsa. A ba shi tabarma da ruwa tukuna, rajista ta biyo baya. Kowa ya yarda. Inda aka fi daɗewa shi ne batun makarantun da aka mayar masauki. In an buɗe karatu, ina za su? Shawara ita ce mai ɗakin da ba kowa ya ba da aro na wata uku, a rubuce, gaban liman, don kada zumunci ya ɓaci. Ni dai wannan ta fi kwanta mini a rai.

Kafin damina a yi gayya a gyara rufi da masai, saboda laka da kwalara. Zawarawa da marayu a ware musu wuri mai ƙofa.

Kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta Bankak (manhajar banki ta tura kuɗi a waya) kuwa, mutum biyu su riƙe lissafinsa.