Wai Kura ƙauye ce?

Ɗan Kura: Salam jama'a, wlh yau raina ya ɓaci. A wajen ɗaurin aure a birnin Kano wani yake ce min "ku mutanen ƙauye" don kawai na ce daga Kura nake, alhali shinkafar da ke gabansa ƙila daga gonakinmu ta fito, matanmu suka yi guminta, injinan garinmu suka cashe. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako aka jawo ruwa ta kanal, rani da damina muna gona, shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Yanzu ciyawar kacala ta toshe kanal a wurare da yawa, taki ya gagari talaka, ba mai magana. Wannan nake so mu tattauna.

Abban Sadiq: Ƙanina ka yi haƙuri amma Kura ƙauye ce mana. Duk inda ka wuce Na'ibawa ka miƙi titin Zariya ai ka fita gari

Ɗan Kura: Haba Yaya, hedikwatar ƙaramar hukuma guda, da hakimi, kake kira ƙauye?

Maman Hanifa: To wai ƙauye zagi ne? ni a ƙauye aka haife ni kuma ina alfahari, ku ne kuke jin kunyar asalinku

Malam Na Bakin Kasuwa: Yara ba ku san tarihi ba. Tun kafin a yi kanal Kura ta yi suna da rini da bugu, turkuɗin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa har Agadas, 'yan Kura ake ce masa, in ka taɓa shi sai shuni ya kama maka yatsa. Garin da sunansa ya kai Sahara shi ne ƙauye?

Abban Sadiq: Malam wancan da ne, yanzu marina nawa suka rage?

Ɗan Garun Malam: Ni tumatir ɗin da ka lissafa ne ya tsaya min. Kadawa tamu ce, Kwanar Gafan da ake lodin kwanduna zuwa kudu tamu ce, kamfanin tumatir na Dangote ma a Kadawa yake, duk Garun Malam ne, ku daina cin suna da guminmu

Ɗan Kura: Daga jikinmu aka yanke ku fa, jiya jiyan nan

Ɗan Garun Malam: An yanke ɗin, sai me? ɗa ba ya girma ya yi gidansa?

Na Bebeji: Ku duka ruwanmu kuke sha, Tiga a ƙasar Bebeji take, ran da muka rufe sai ku koma noman gero

Maman Hanifa: Kai ɗan nan kana da makullin dam ne a aljihu?

Admin: Ya isa haka dan Allah. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Kura gari ce babba mai tarihi kuma ita ce uwa a yankin, 'yan Garun Malam ma sun amsa daga nan suka fito. Abban Sadiq bai kawo hujja ko ɗaya ba. A rufe maganar.

Ɗan Garun Malam: A ina na amsa? Admin kowa ya san matarka 'yar Kura ce

Ɗan Kura: Jama'a maganar kanal da taki fa?