Takardar fili ce maganin cutar zango?

Malamin Makaranta, Nima: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wurin suna na yi wata magana aka yi mini ca, shi ne na ce bari in kawo ta nan. Cewa na yi yawancin cutar da ke kwasar mu zuwa asibiti a zango, tushenta rashin takardar fili ne. Wanda ke kwana da tsoron katafila ba zai zuba siminti ba, balle ya haƙa masai ko ya ja famfo. Ku dubi unguwar Old Fadama ta Akra a bakin kogin Odaw, katako da kwano, shekara da shekaru ana ce musu gobe za a tashe ku. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan ta Gana, fiye da 200 suka rasu, kuma Akra ce ta fi jin jiki.

Nas, Maamobi: Wa alaikumus salam. Malam, kwalarar nan ina bakin aiki aka yi ta. Cikin waɗanda muka ƙara wa ruwa akwai 'yan Nima da yawa, daga gidajen bulo na kaka da kakanni da babu mai zuwa rushe su. Ƙwayar cutar ba ta tambayar takarda. Abin da ta sani shi ne bayan gida ya gauraya da ruwan sha.

Malamin Makaranta, Nima: To ai wurin nake nufi, Hajiya. Me ya hana a raba su? An ga haka a Ajantina. A 1981 talakawa suka mamaye wani fili a gefen Buenos Aires. Gwamnati ta yi doka ta biya masu filin diyya, wasu suka karɓa, wasu suka garzaya kotu. Waɗanda ke zaune a filin masu karɓar diyya ne aka fara ba takarda, sai aka wayi gari maƙwabcinka yana da takarda kai ba ka da ita, ba don ya fi ka komai ba. Da aka zo aka auna, masu takarda sun fi gyara gidajensu, yaransu sun fi ƙiba daidai da tsawonsu, ɗaukar ciki a ƙuruciya kuma ya ragu a gidajensu.

Alhaji mai gidan haya: Ɗana, can wanda aka ba takardar shi ne ke kwana a gidan. Nan fa? Gidanmu ɗaki 14 ne, mu magada tara, uku suna Kumasi, ɗaya yana Jamus. Takardar da mahaifinmu ya karɓa daga masu ƙasa tana cikin adaka, duk ta yi ja. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana a hannun sarakuna da dangi yake, filin sarauta kuwa tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar maka da shi dungurungum, haya ce ta shekaru. Ko yau na kai ta hukumar filaye, Lands Commission, sunan wa za a rubuta? Da aka zo da shirin GAMA na Bankin Duniya, wanda ake biya maka wani kaso na kuɗin masai, na tara 'yan'uwa. Kuɗi ba su gagara ba. Wurin da za a haƙa ne ya gagara, don tsohon masan gidan tuni wani yayanmu ya cike shi ya mai da shi ɗakin haya, kuma ya ce rabonsa ne.

Mai koko, Nima: Alhaji, Allah ya saka da ka faɗi gaskiya da bakinka. Ni 'yar haya ce, duk wannan takarda da kuke ja a kai babu sunana a ciki. Mu shida ne a ɗaki. Da asuba kafin in ɗora koko sai na jera yara mu bi layin masan gwamnati, kowa da kuɗinsa a hannu. Dare ya yi, fo ne a bayan ƙofa, da safe wasu su juye nasu a babbar kwata. Ruwa kuwa a jarkar roba da ake ce wa galan Kufuor nake saye. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin haya fiye da na wata shida, ni na shekara biyu na biya. Kuma ranar da mai gidanmu zai gina masai, wallahi ranar zai ƙara kuɗi, in koma inda ya fi nan muni.

Nas, Maamobi: Malam, ka ji ko?

Malamin Makaranta, Nima: Na ji. Amma Yaya, abin da kika faɗa ai shi ma rashin tabbacin zama ne. Naki tsoron mai gida, nasu tsoron katafila.

Mai koko, Nima: To ka gyara maganarka. Kai takardar fili ka ce.

Mai albasa, Adjen Kotoku: Ku bar ni in sa baki, don ni na ga katafilar da idona. Bayan ambaliya da gobarar gidan mai na Circle a Akra ranar 3 ga Yuni 2015, da ta ci rai sama da 150, aka zo Old Fadama a farkon azumi aka rushe gefen ruwa. Mutane suka kwana a fili, damina na zuba, sauro na cin yara. A 2021 kuma aka tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie. Tun lokacin nake shan maganin hawan jini. Maƙwabcina mai tarin fuka kuwa da aka watse ya daina zuwa karɓar magani, har yau ban san inda ya faɗa ba. Hajiya, wannan a wane littafi kuke rubuta shi?

Nas, Maamobi: A littafin waɗanda suka ɓace wa magani, Baba. Maganin tarin fuka wata shida ne ba fashi, wanda ya yanke a tsakiya cutar na iya dawo masa ta ƙi jin magani. A nan kam na ba Malam gaskiya. Amma ko an raba wa kowa takarda gobe, in famfo bai kawo ruwa ba zan ci gaba da ganin yaran Yaya.

Mai koko, Nima: Alhaji, ɗakin nan da aka cike masai aka yi, nawa yayanku ke karɓa a wata?

Alhaji mai gidan haya: 'Yata, ya rasu bara. Yanzu 'ya'yansa biyar ne ke karɓa.