Rijiya ga 'yan Dalit a Indiya: yaya za a yi su sha, bishara kuma ta shiga?

Bitrus: Salama 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta addu'a na son tallafa wa wata ikkilisiya a karkarar Indiya ta haƙa rijiyar burtsatse, domin an hana 'yan Dalit (mutanen da tsarin jinsi na gado a Indiya ya ajiye a ƙasan kowa) na ƙauyen ɗiba a rijiyar gari, wai taɓawarsu na ƙazantar da ruwa. Me ya kamata a kula da shi? Kuma za a iya haɗawa da wa'azi?

Saratu: Ɗan'uwa, abu na farko shi ne inda za a haƙa. Unguwar Dalit yawanci tana gefen gari. In aka sa famfon a tsakiyar ƙauye ko a filin wani mai gona, masu hanawar ne za su mallake shi, matan Dalit su koma jira a nesa sai an zuba musu daga sama. A haƙa cikin unguwarsu, a filin jama'a, da amincewar majalisar ƙauye (panchayat) a rubuce. Kwamitin kula ya zama nasu, mata su fi yawa.

Famfon tuƙa-tuƙa India Mark II shi ne ruwan dare a can, kayan gyaransa ba wuya, yana ɗaga ruwa daga zurfin kusan mita 50. Robar ciki da sarƙa ke saurin lalacewa, don haka a koya wa mutum biyu gyara, a ajiye kuɗin kaya. A yi dakalin siminti da magudana. Kafin a sha a gwada ruwan: sinadarin fuloraid ya yi yawa a jihohin Rajasthan da Telangana, gubar asenik kuma a Bengal ta Yamma da Bihar. Fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita.

Malam Ishaku: Doka na bayan 'yan Dalit tun tuni. Sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya ya soke ƙyamar taɓawa, sashe na 15 kuma, da ya hana wariya, ya ambaci rijiyoyi da tafkuna ƙarara. Tun 1927 Ambedkar, jagoran 'yan Dalit, ya jagoranci jama'a suka sha daga tafkin Chavdar a garin Mahad. Akwai kuma dokar 1989 mai hukunta cin zarafinsu.

Amma Bitrus, ga inda ake faɗawa rami. Odisha tun 1967, Madhya Pradesh tun 1968, Uttar Pradesh a 2021 da wasu jihohi suna da dokar hana sauya addini ta hanyar kwaɗaitarwa. In aka ce sai mai zuwa coci zai ɗiba, ko aka yi kiran tuba ranar buɗe famfo, fasto ne zai kwana a hannun 'yan sanda, ku kuna gida. Ruwa na kowa, ba sharaɗi, ba rubuta sunaye. Kuɗin waje kuma sai ƙungiyar da ke da rajistar FCRA (dokar Indiya kan karɓar tallafi daga ƙasashen waje) za ta karɓa, kuma tun 2020 ba ta da izinin miƙa wa wata.

Dole kuma a gaya wa mai neman baftisma gaskiya: bisa umarnin shugaban ƙasar Indiya na 1950, Dalit da ya zama Kirista yana rasa matsayinsa a jerin da gwamnati ke ware wa gurbin karatu da aiki. Mabiya Sikh sun shiga jerin a 1956, mabiya Buddha a 1990, Kirista da Musulmi har yau suna waje.

Rifkatu: Na yarda da Malam. Bishara ta tafi ta bakin 'yan ikkilisiyar wurin, ga wanda ya tambaya da kansa. A Yohanna 4 Yesu ne ya roƙi Basamariya ruwa, a shirye yake ya sha daga abin ɗibanta. To ku tambayi faston: shi da dattawansa suna cin abinci a gidajen Dalit? Ƙoƙon jibi ɗaya ne ga kowa? Wannan cutar ta shiga coci ma, a Tamil Nadu akwai maƙabartun Kirista da aka raba da katanga. In amsar ba ta gamsar ba, ku nemi wata ikkilisiyar ku yi aikin da ita.