Neman shawara: an ce mu ba da gonar gado a dasa itace saboda dokar sauyin yanayi, in sa hannu ko in ƙi?

Ɗan Gwadabawa:
Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Dan Allah shawara nika nema, ku yi haƙuri bayanin na da ɗan tsawo. Ni cikin garin Sakkwato nike zamne ina sana'ar albasa, amma gidanmu na wani ƙauye cikin ƙasar Gwadabawa, kuma tunda Allah ya yi ma mahaifinmu rasuwa ni ne babba, komi ya taso ni ake kira. Muna da gonar tudu arewa ga gari wadda har yanzu ba a raba gadonta ba, kuma cikin magadan akwai ƙanana da ba su balaga ba. Gefenta na arewa rairayi ya soma cinye shi, in ka shuka hatsi wurin sai iskar farkon damana ta turbuɗe shi, sai an sake shuka.

To kwanan nan wasu mutane sunka zo da mota tare da kansila da mai gari, sunka ce wai yanzu akwai dokar sauyin yanayi, gwamnati na son a yi shingen itatuwa don tare hamada, kuma gonarmu na cikin layin da sunka auna. Sun ce za a yi rijiyar burtsatse mai sola, a yi wurin renon dashe, a ɗauki yara aikin ban ruwa da alawus, ni kuma su sa ni sakataren kwamiti. Sunka bar fom na Turanci wurin mai gari wai in zo in sa hannu a madadin gida.

Gaskiya ni ban yarda da dokar nan ba ko kaɗan. Ina ganin kawai hanyar cin kuɗin Turawa ce da manyanmu sunka gano. Mun taɓa ganin irin wanga aiki garinmu, anka kawo dashe damana na gab da ɗaukewa, manya sunka zo da manyan riguna kowa ya duƙa da ƙwaryar ruwa anka ɗauki hoto, kafin a gama girbi awaki sun cinye su tas, allon kwangila kawai ya rage, shi ma yanzu wani ya yi ƙyauren garke da shi. Baffana ya ce ko taki ɗaya kada in ba su. Inna kuma ita rijiyar take kallo, don matan gari tun asuba suke bin layin ruwa. Sannan ina tsoron in na ƙi a ce ɗan adawa ne ni a cire gidanmu cikin lissafin taki. Mi kuka gani, in sa hannu ko in ƙi?

Baban Sadik Illela:
Kada ka sa. Wlh ko da biro sunka ɗora maka a hannu. Waɗanga mutane in da gaske suke yi da sauyin yanayi da ba su bar gas ya haura naira dubu kilo ɗaya ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya cire tallafin mai, komi ya tashi, wanda ke dahuwa da gas ya koma gawayi, mai gawayi ya koma itace, yanzu su ne za su zo su ce muna mu ke sa hamada? A ƙarshen 2023 ɗin dai anka kwashi mutum 1,411 da sunan Najeriya zuwa taron yanayi na Dubai, da anka yi surutu gwamnati ta ce ai 422 kawai ta biya ma kuɗi. Wai kawai! Kuɗin jirginsu da otal da ya haƙa rijiyoyi nawa daga Gada har Gudu? Su je su dasa cikin gonakinsu na hanyar Abuja.

Lauyan Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Bari in raba maka maganar gida biyu don an cakuɗa ta. Dokar tana nan, ba ƙarya suka yi ba. Buhari ya sa mata hannu a watan Nuwamba 2021 bayan ya dawo daga taron yanayi na duniya a Gilasgo inda ya yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba. Abin da ke cikinta shi ne kafa majalisar ƙasa ta sauyin yanayi wadda shugaban ƙasa ke jagoranta, da asusu na musamman, da ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama nauyin rage hayaƙi. Ba dokar karɓar gonar manomi ba ce. Duk wanda ya ce maka dole ka ba da ƙasa saboda ita, ko bai karanta ba ko yana son ya tsorata ka.

Maganar ƙasa tana ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, kuma ko gwamnati ce da kanta za ta karɓa don amfanin jama'a sai ta ba da sanarwa a rubuce ta biya diyyar abin da ke kai. Tunda fom suka kawo suna neman sa hannunka, to roƙo suke yi. Kuma kai kaɗai ba ka da ikon kyautar da gonar da ba a raba ba, balle da marayu ciki, gobe ƙannenka su girma su kai ka gaban alƙali kuma su ne da gaskiya.

Ka ɗauki hoton fom ɗin tukuna. Ka tambaye su daga ina suke, hukumar Great Green Wall ce mai shirin ganuwar itatuwa ta tare hamada, ko ACReSAL, wato shirin gwamnati na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, ko ma'aikatar muhalli ta jiha, ko wata ƙungiya. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin ganuwar itatuwan, saboda haka ba abin mamaki ba ne a zo yankinku, amma kowanne yana da ofis, kana iya zuwa da ƙafarka ka ji ko sun san da aikin.

Alhajin Kara:
Ni duk wanga zancen sauyin yanayi ban ɗauke shi komi ba. Allah ke kawo ruwa Allah ke ɗauke shi. Tun muna yara anka yi fari na 1973 da na 1984, lokacin wa ke da janareta? Su kansu Amurkawa Trump ya fitar da su daga yarjejeniyar yanayi ta Paris har sau biyu. Mu da duk Afirka hayaƙinmu bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba mu ne za a hana ma sakat.

Maman 'Yan Biyu Mabera:
Haba Alhaji, kai da ke da sola da fanka shi ya sa. Ka zo ka kwana gidan haya watan Afrilu ba wuta, zafi ya haura 40, yara duk ƙuraje, ruwan randa kamar an ɗora shi kan murhu. Ni ban san wata doka ba amma na san zafin yanzu ba irin na da ba ne. Kai kuma ƙanena mai tambaya, duk maza ne ke ta ba ka amsa kuma ba ɗaya cikinsu da ya taɓa ɗaukar jarka bisa kai. Ka saurari Inna. Ban ce ka yarda da 'yan siyasa ba, ni ma ban yarda da su ba, amma in akwai hanyar da rijiyar nan za ta tabbata kada zafin zuciya ya sa ku kore ta zuwa wani gari. Ka ce masu rijiya ta fara fitar da ruwa tukuna sannan a yi maganar dashe. In sun ƙi ka san inda suka dosa.

Malam na Wurno:
Alhaji Allah shi ƙara girma, ba wanda ya yi musun Allah ke saukar da ruwa. Amma shi ne kuma ya ce cikin Suratur Rum ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma Annabi SAW ya yi umarni ko alƙiyama za ta tsaya in da dashe hannunka ka dasa shi. Rashin amanar shugabanni daban, dasa itace daban. Maganar lauya kan haƙƙin marayu ita ce babba wurina, wannan ba wasa ba ne.

Alhajin Kara:
Malam ban ce kada a dasa ba. Na ce kada a zo muna da dokar Turawa ana cin kuɗi da sunanmu.

Ɗan Goronyo:
Kan cin kuɗin dai Alhaji ya yi gaskiya. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli a ƙasar nan, kowane wata ana ware ma jihohi, ina ya tafi? Joshua Dariye tsohon gwamnan Filato kotu ta ɗaure shi 2018 kan sama da naira biliyan ɗaya na asusun nan, 2022 anka yi mashi afuwa ya fito, gwamnatin da ta sa hannu kan dokar yanayi ita ce ta yafe mashi. Mu da anka yi ambaliyar 2010 mun ga abin da idonmu, garuruwa sunka nutse, har hanyar jami'ar Danfodiyo ta yanke. Ga gas da ake ƙonawa a Neja Delta, tun 1984 anka ce an hana, har gobe wutar na ci. Shi kuma ACReSAL dala miliyan 700 ne daga Bankin Duniya kuma bashi ne, jikokinmu za su biya, shi ya sa ni nake ganin ma kada a bar masu shi su kaɗai. In an ba ka sakatare ka karɓa, ko ba komi ka ga takardu.

Tsohon Malamin Gona:
Yarona, na yi aikin gona da gandun daji har na yi ritaya, bari in gaya maka abin da ba za su gaya maka ba. Dashe ba shi ne aiki ba, raino ne aiki. Itacen da za ya rayu a ƙasarmu sai an dasa shi cikin Yuli lokacin da ƙasa ta sha ruwa, a kewaye shi da waya ko ƙaya, a ba shi ruwa ranin farko da na biyu, a samu mai gadi da ake biya. Kuɗin kwangila kuwa yawanci kan adadin da aka dasa ake biya, ba wanda ke dawowa bayan shekara ya ƙirga wanda ya rayu, shi ya sa kake ganin allo ba itace. To ka tambaye su wa zai biya mai ban ruwa in damana ta wuce, har zuwa yaushe, kuma in itacen ya girma na wa ne, naku ko na hukuma. Wannan ta ƙarshe ita ce tarko, don akwai inda manomi ke tumɓuke dashe da dare saboda tsoron kada gobe a ce gonarsa ta zama gandun daji a kama shi in ya sari reshe.

Sannan ko sun zo ko ba su zo ba rairayin nan ba za ya jira Abuja ba. Ka tsallaka Maraɗi ka gani, tun shekarun 1980 manoma suke abin da suke kira sassaben zamani, ba dashe ba ne ma. Kututturen sabara da kalgo da magarya da aduwa da muke sassabewa kowace shekara mu ƙone, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. In ya tsiro sai ka zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ka bari, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɓare, ka ɗaura tsumma a jiki don yara da makiyaya su san na gida ne. Cikin 'yan shekaru ya wuce tsayinka, ba ban ruwa ba kwangila. Da haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. In ka ga gawo ya tsiro kada ka taɓa shi, da damana yake zubar da ganye ba ya tare wa hatsi rana, ƙarƙashinsa ne ma zangarniya ta fi girma. Gefen arewan kuma ka kafa aguwa a jere kafin ruwa ya sauka, akuya ba ta cin ta, ka bi bayanta da gamba. Dogon yaro a bakin iyaka kawai, kada ka bari su sa maka shi tsakiyar gona.

Ɗan Gwadabawa:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Baba malamin gona wanga sassaben zan gwada shi bana in Allah ya so, sabara kam ta yi muna yawa. Na kira mai gari ya karanta mani kan fom ɗin, ya ce ba a rubuta shekara nawa ba, kuma wurin girman fili an bar shi fayau wai sai sun dawo su cike. Ranar Juma'a zan tafi gida in tara Baffa da Inna da ƙannena. Abin da nika tunani, in ce masu mun yarda da siririn layi na bakin iyaka ta arewa a matsayin aro, ba kyauta ba, bayan rijiya ta fara aiki. Yallaɓai lauya hakan na yiwuwa? Kuma maganar taki fa?

Lauyan Unguwar Rogo:
Yana yiwuwa, amma ba kan wannan fom ɗin ba. Takardar da aka bar wurin girman fili babu komai ba a sa mata hannu, ko da ɗan uwanka ne ya kawo ta. A rubuta sabuwa da Hausa, a sa tsawo da faɗi, a sa shekaru, a sa cewa ƙasa da itatuwan na magada ne, a sa ranar da aron zai mutu in ba su cika alkawari ba. Manyan magada duka su sa hannu, waliyyin yaran ya sa nasa, mai gari da liman su yi shaida, kowa ya riƙe kwafi. Taki kuma ba ni da dokar da zan ba ka, siyasa ce, shi ya sa kada ka je kai kaɗai. Ka nemo sauran masu gonakin da layin ya ratsa ku tafi da magana ɗaya, cire gida ɗaya a lissafi abu ne mai sauƙi, cire rabin gari kuma zaɓe na tafe kansila ba zai so ba.

Baban Sadik Illela:
Ni dai ina nan kan bakana, ba za su dawo ba in sunka ji maganar rubutu da Hausa. In sun dawo ka sanar da mu.