Bukhara kafin Imam Bukhari: ta ina zan fara?

Sadiya:
Assalamu alaikum malamai. Ina aji huɗu a sashen tarihi, kuma na ƙudurta rubuta kundina a kan Bukhara da Samarkand. Tun muna Islamiyya muke haddace "Bukhari ne ya ruwaito", sai ga shi an haife shi a 810, shekara ɗari da ɗaya kacal bayan Ƙutaiba bin Muslim ya ci Bukhara a 709. Wannan abu ya tsaya min a rai. Me mutanen garin suke bautawa a da? Kuma Larabcin da nake da shi zai ishe ni?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam 'yata. Garin a kan hanyar fataken siliki yake, tsakanin Sin da Indiya da Farisa, kasuwancin kuwa a hannun Sogdiyawa, mutanen yankin na asali, yake. Akasarinsu Majusawa ne, amma akwai Kiristoci a cikinsu. Can kudu a Tirmiz, garin Imam Tirmizi, har yau ana ganin kufan gidajen ibadar mabiya Buddha. Musulunci bai kafu a dare ɗaya ba. Narshakhi, wanda ya rubuta tarihin Bukhara a ƙarni na 10, ya ce Ƙutaiba yakan ba da dirhami biyu ga duk wanda ya zo sallar Juma'a, kuma da Farisanci mutane suke karatu a sallah saboda ba su iya Larabci ba. Ki duba nasabar Bukhari ma: Bardizbah, uban kakan mahaifinsa, Bamajuse ne, ɗansa Mughira ne ya musulunta.

Nasiru:
Ƙanwata, Larabci zai yi miki rana a farkon zamanin. Daga lokacin Samaniyawa, daular da ta mulki yankin a ƙarni na 9 da na 10, sai Farisanci ya shigo da ƙarfi, rahotannin tonon ƙasa na Afrasiyab (kufan tsohuwar Samarkand) da Panjikent (tsohon garin Sogdiyawa) kuwa yawanci da Rashanci aka rubuta su, don Rasha ta kama Samarkand tun 1868. Ki kula da siyasa kuma. A 1924 Tarayyar Sobiyet ta shata iyakoki, Bukhara da Samarkand suka faɗa Uzbekistan alhali da yawan mutanensu Tajikanci suke yi. Har gobe tsakanin Uzbekawa da Tajikawa kowane ɓangare cewa yake tarihin nasa ne, sai ki riƙa duba daga ina marubuci ya fito.

Sadiya:
Allah ya saka da alheri. Zancen dirhami biyun nan ya sauya min tunani. Zan bar Samarkand, in tsaya kan Bukhara daga 709 zuwa rasuwar Imam a 870. Malam, akwai Narshakhi da Larabci, ko sai Farisanci?