Mu 12 za mu je Gashaka-Gumti, wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Ni da abokan karatuna muna shirin zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a Disamba, mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Amma ba na so mu ɗauki hotuna kawai mu juyo. Wane aikin sa kai za mu iya yi wa dajin?

Yayan Matasa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku fara sauka a ofishin gandun da ke Serti, jihar Taraba, a haɗa ku da ma'aikaci. Kada ku shiga daji ku kaɗai. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, ga sanyin dare a sama. Da bargo ɗaya na je, sai da wani makiyayi ya ara mini nasa. Ku riƙe rigunan sanyi da takalmi mai ƙwari.

Bajalingiya: Aikin, ku tambayi ma'aikatan abin da suke buƙata. Mu buhu muka riƙe, muna tsintar leda da gorunan ruwa a hanya. Sannan don Allah, in kun yi girki ku kashe wutar da ruwa. Lokacin ciyawa ta bushe ƙayau.

Ɗan Samaru: Na gode, Yaya da Aunty. Buhuna sun shiga lissafi.