Rigar hawan igiyar ruwa marar zif: abin da aka ce a fada

Ƙanen wani abokinmu zai tafi karatu Faransa, kusa da Biyariz, wani gari na bakin teku, kuma ya ƙwallafa rai sai ya koyi hawan igiyar teku a kan allo. Yaron da kogin Isa kaɗai ya sani! Ranar Asabar a fadarmu ta Yamai, ana shan shayi, waɗanda suka taɓa zama can suka ba shi shawara kan rigar robar da ke tsare sanyi.

Marar zif, in ji su, ta wajen wuya ake shiga. Ta fi sakin kafaɗa wurin tuƙa allo da hannu, ruwa kuma bai cika kutsawa ba. Wahalarta sakawa da cirewa. Wani ya kwatanta yadda ya taɓa maƙalewa, hannu guda a ciki, haƙora na kaɗawa. Mai faɗin kafaɗa ko ciwonta gara ya nemi mai zif a ƙirji.

An fi daɗewa kan kauri. Lamba 4/3 na nufin milimita 4 a gangar jiki, 3 a hannuwa da ƙafafu. Da hunturu 5/4 ta fi, a haɗa da takalmin roba da hula.

“Ƙanena, kada ka saya ba ka gwada ba,” in ji babbanmu. Ta kama jiki ƙam, amma a iya numfashi. In ta yi aljihu a ƙugu, ruwan sanyi zai taru nan. A kuma duba ɗinki, wanda aka liƙe da gam ya fi.

Bayan fitowa a ɗauraye ta da ruwan famfo, a shanya a inuwa, don rana na busar da robar.